Likkafani a Buhun Shinkafa

Badaru mutum ne da ya tsani tarkace. Tun yana saurayi haka yake, amma da ya sami aiki a masana'antar ƙona shara da ke bayan garin Madina sai abin ya zama masa kamar ciwo. A can ake tara jujin gidajen birni, a zuba a wata wuta da ba ta mutuwa, wutar ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da lantarki. Shi Badaru a sama yake aiki, cikin wani ɗan ɗaki na gilashi da ke kallon ƙaton ramin da motocin baladiyya, wato hukumar gari, ke juye kayansu. Daga kujerarsa yake sarrafa wani hannun ƙarfe mai yatsu, wanda ma'aikata ke kira winshi. Da shi zai damƙo shara, ya cakuɗa jiƙaƙƙa da busasshiya, sannan ya ɗaga ya saki a bakin wutar. Ya iya aikin, kuma ba ya ɓoye cewa ya iya. In ka zauna da shi ko shayinka bai huce ba zai gaya maka cewa a duniya babu abin banza sai wanda aka tura ƙarƙashin gado, tunda ko tsohon takalmi ne, in ya zo hannunsa fitila zai koma.

Gadon da yake wa wannan habaici kuwa, kowa a gidansu na unguwar Bani Harisa ya san na mahaifiyarsa ne, Inna Ƙaltume. Tsohuwar ba ta yar da komai. Gwangwanin madara, jarkar zamzam da ta huje, leda, igiya, buhunan shinkafa a ninke, kowanne da gurbinsa a ɗakinta, kuma in ka taɓa ɗaya ka taɓo rigima. Badaru ɗanta ne na fari, don haka ko sau ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba. A da "wannan yaron" take ce masa. Da aka haifa masa Sundus sai ta sami sauƙi, ta koma "Abu Sundus" kamar sauran mutanen unguwa. In ya soma wa'azinsa na tarkace sai ta ce wanda bai taɓa tafiyar ƙasa ba ai ba zai san darajar igiya ba, ta juya masa ƙeya.

Ita kuwa ta yi tafiyar. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye na ƙasar Kazaure, a ƙafa, da niyyar hajji. Tafiya ce da ta ci shekaru, don sai an tsaya an yi ƙwadago an sami guzuri sannan a ƙara gaba. A Sudan suka fi daɗewa, suna tsinkar auduga a gonakin mutane. Uwarta, wadda take kira Iya, gwanar kaɗi ce. Duk audugar da ta kalato bayan an tashi aiki sai ta gurje, ta shiɓa, ta kaɗa da mazarinta. Da zaren ya taru ta kai wa wani masaƙi Bahaushe a Mai Wurno, ya saƙa mata fari, siraran nan masu faɗin tafin hannu da tsofaffi ke kira sawaye. Ta harhaɗa su da allura, ta fitar da likkafani biyu, nata da na 'yarta. Nata bai daɗe a ajiye ba. A Sawakin, bakin teku, suna jiran jirgin ruwan da zai tsallakar da su, zazzaɓi ya kwantar da Iya. Kafin ta cika ta ɗora hannun Ƙaltume a kan ɗaya ƙunshin, ta ce ita dai ƙafarta ba ta kai Madina ba, amma in Allah ya sa 'yarta ta kwanta a maƙabartar Baƙi'a cikin wannan zaren, to hannunta ya kai.

Fuskar uwar ta daɗe da ɓace wa Ƙaltume, amma maganar nan ba ta ɓace ba. Ta wanke likkafanin da zamzam shekarar da ta sauke farali, ta busar, ta sa shi a wata koriyar adakar ƙarfe. Ta yi aure a Madina, ta haihu, ta binne miji, 'ya'yanta suka zama 'yan ƙasa, adakar na nan a kusurwa. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki, don in za ta sha masa iska rufe ƙofa take yi. Amma ko jikokinta, waɗanda in ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci, sun san ba a zama a kan adakar Inna.

To, sai tari ya kama tsohuwar bayan ƙaramar salla, ya ƙi jin magani, har aka kwantar da ita a asibiti. Likita ya ce kafin a sallame ta a raba ɗakinta da ƙura da tsofaffin kaya, in dai ana son ƙirjinta ya huta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Badaru bai jira an maimaita ba, ya naɗe hannun riga, ya kira matarsa Safiyatu, suka shiga ɗakin. Safiyatu ta so a jira mai ɗakin ta dawo ta zaɓa da kanta, ya ce in an jira ta ko murfin kwalba ba zai fita ba.

Gaskiya dai bai yi aikin da raini ba. Koriyar adakar ma da kansa ya goge ta, ya mayar da ita gurbinta da bisimilla, bai ko taɓa kwaɗonta ba. Sauran kuwa bai tsaya tambaya ba. Jarkoki, gwangwanaye, wata matacciyar fanka mai shuɗin fiffike, duk ya yi waje da su. Can ƙuryar ƙarƙashin gado ya jawo wani buhun shinkafa da aka ɗaure bakinsa da jan tsumma. Ya taka shi da ƙafa, ya ji laushi, ya ce tsummokara ne, ya saɓa a kafaɗa ya kai bolar bakin layi. Aikin ya yi masa daɗi har ya zarce nasu ɗakin, ya zaro wani tsohon majanyi da ya koma ruwan ƙasa daga ƙasan durowar Safiyatu zai haɗa da shi. Nan ta fizge, ta ce wannan kam sai bayan ranta, da shi Inna ta goya shi kansa Badaru, ita ma da shi ta goya 'ya'yansa tun ranar da Inna ta ba ta. Ya yi dariya, ya ce ashe ciwon Inna ana ɗauka.

Ranar da aka sallamo Inna Ƙaltume da hantsi, Badaru ba ya da aiki. Ya kamo hannunta har bakin gado, yana jiran ta yaba ko ta yi faɗa. Idonta ya yi rauni ƙwarai, da sanda take gani. Ta zura sandar ƙarƙashin gadon, ta kai dama, ta kai hagu, sandar ba ta ci karo da komai ba.

"Abu Sundus, ina buhun nan mai jan ɗauri?"

Ya ce wane buhu, ai buhuna sun yi yawa. Ta ce na likkafaninta. Ya nuna mata adaka yana murmushi, ya ce ta kwantar da hankali, ko motsa kwaɗon bai yi ba. Sai ta gaya masa cewa tun bara ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya riƙa ɗiga a kan adakar har gindinta ya yi tsatsa, ta ji tsoro kada ya ɓata zaren, ta fitar da shi ta sa a buhu mai tsabta. Abin da ke cikin adaka yanzu tsofaffin tasoshi ne.

Badaru ya dubi ƙarƙashin gadon. Mutum mai furfura a gemu, amma abin da ya fito daga bakinsa ƙaryar yara ce. Ya ce kayan duk suna saman bene, a ɗakin ajiya, bari ya nemo makulli. Tsohuwar ta ɗaga kai wajen muryarsa. Ya fita ko takalmin kirki bai sa ba.

Bolar bakin layi an daɗe da kwashe ta. Amma shi ya san abin da mutanen gari ba su sani ba: shara ba ta shiga wuta ranar da ta zo. Takan kwana a ramin, ana juya ta tana tsanewa, wani lokaci har mako. Da wannan ɗan fatan ya tuƙa mota, ya wuce allunan da ke nuna ƙarshen haddin harami, ya bi hanyar da ke ratsa baƙaƙen duwatsu har ya hango dogon bututun masana'antar.

Shugaban masu aikin ranar shi ne Abdulmajid, wanda kakanninsa mutanen Damagaram ne. Hausa yana jin ta sarai, amma a bakinsa ta mutu. Badaru ya soma bayani da Larabci, ya ji kalmomin sun yi wa maganar kaɗan, ya koma Hausa. Abdulmajid bai yi dariya ba. Ya ce tasa kakar ma da irin wannan ƙunshin ta zo, kuma a ciki aka sa ta. Sai dai ya faɗa masa abu biyu da Badaru ya riga ya sani. Ba wanda zai sauka ramin, don iskar da ke ƙasansa tana kashe mutum kafin ya kira sunan Allah sau biyu. Kuma ba za a bar wuta da yunwa ba, don in zafinta ya sauka hayaƙin zai fita da guba a kan gari. Abin da zai iya yi masa shi ne ya ba shi winshi na biyu, ya kuma gaya wa mai winshin farko kada ya ɗiba daga kusurwar da motocin arewacin gari ke juyewa.

Badaru ya hau kujera. Shekara da shekaru yana kallon ramin nan, bai taɓa ganin girmansa ba sai ranar. Shara ce tsibi kan tsibi, tsayinta ya kai na gidan bene, ragowar shinkafa da ƙashin rago, ƙunzugun jarirai, kwalaye, katifu. Buhunan shinkafa kuwa, wayyo, kamar duk Madina shinkafa ɗaya take ci. Ko'ina ya duba su ne, masu zane iri ɗaya da na Inna, dubbai. Hannun ƙarfen da yake taƙama da shi an yi shi ne don ya kwashi nauyin mota a damƙa ɗaya, ba don tsintar abu ba. Haka ya riƙa yi da shi kamar mai tsince tsakuwa a wake da cebur: ya damƙo, ya matsa gefe, ya buɗe yatsun a hankali, ya manna goshi a gilashi yana kallon abin da ke zubowa.

Aka kira azahar, ya yi salla a bayan kujerar ya koma. Can wajen la'asar ya ga shuɗin fiffiken fanka ya leƙo. Ya ce Alhamdu lillahi a fili. Ga jarkokin zamzam, ga gwangwanayen madara, kayan ɗakin uwarsa ne a tsakiyar ƙazantar gari, kuma shi ya kawo su. Ya bi wurin a hankali har ƙarfen ya kankari siminti. Buhu mai jan ɗauri babu shi.

Abdulmajid ne ya hau, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya zo su duba wani abu. Akwai kyamara da ke kallon bakin wutar kullum, don in wata tukunyar gas ta shiga a gane lokacin. Suka zauna a ɗakin kula da injuna suna mayar da hoton baya, damƙa bayan damƙa. Ba su yi nisa ba Badaru ya ce a tsaya. Ga shi nan, a saman wani lodi na kwalaye da tsummoki, jan ɗaurin ya fito ɓaro-ɓaro. Yatsun suka buɗe, buhun ya mirgina sau ɗaya ya shige.

Bai tambayi wanda ke kan kujera a lokacin ba. Ya gane lodin. Shekaranjiya ne, aikinsa ne. Sharar bayan salla jiƙe take da romo da kankana, wuta ba ta son ta, shi ya sa ya yi ta farautar busasshen kaya. Da ya hango wannan kusurwar har murna ya yi, ya ce wa abokin aikinsa yau wuta za ta ci daɗi. Ya tuna muryarsa yana faɗin haka, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Duk da ya san banza ne, ya sauka ya zaga bayan injin inda toka ke fitowa. Tana tafe a kan bel ɗin injin da ke jawo ta waje, baƙa-baƙa, jiƙe da ruwan da ake kashe ta da shi, ga cokula da ƙusoshi da wayoyin katifa a ciki. Ƙarfe ne kawai ke fita daga wutar nan da kamanninsa. Zaren da mace ta kaɗa a gonar auduga, ya haye teku, ya sha zamzam, ya jira tun kafin a haifi Badaru, bai kai ƙiftawar ido a cikinta ba.

A hanyar dawowa ya ratse unguwar Aƙiƙ, ya sayi likkafani a wani kanti, fari ƙal, sumul, na inji, cikin leda da sabulu da kafur. Har ya soma shirya yadda zai cusa shi a wani buhu ya ɗaure da jan tsumma, tunda Inna ba ta gani. Safiyatu ta tare shi a zaure, ta dubi ledar, ta dubi fuskarsa. Ta ce tun fitarsa Inna ba ta sa komai a baki ba, kuma ba ta ƙara tambayar makulli ba. Ta ce idon tsohuwar ne ya tafi, yatsunta na nan, kuma kada ya ɗora mata ƙarya a kan rashi. Ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya shiga.

Ya durƙusa a gaban gadon kamar yadda bai yi ba tun yana yaro. Ya faɗa mata komai, har da cewa hannunsa ne ya ɗauka daga ɗakin, hannunsa ne kuma ya saka a wuta. Ya so ta zage shi, ta kai masa sanda ma. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Da ta buɗe baki, tambaya ta yi. Ta ce wutar tasu tana barin toka? Ya ce tana bari. Ta ce ina ake kai ta? Ya ce akwai wani fili kusa da masana'antar, can ake binne ta a rufe da ƙasa. Ya ga fuskarta ta ɗan sake, kamar wadda ta hango inuwa.

"A cikin harami yake, filin?"

Da zai iya ƙarya ta biyu da nan zai yi ta. Ya ce a'a, sai an wuce alluna da 'yar tafiya.

Inna Ƙaltume ta gyaɗa kai. "Iya ta sake tsayawa a hanya ke nan," ta ce. Ta kwanta, ta juya fuskarta bango, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya tashi ya je ya ci abinci.

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma ƙara cin abin kirki ba. Safiyatu za ta dama mata kunun gyaɗa, ta kurɓa sau biyu ta ture. Tsohuwar da ke tashin gida da mita tun asuba ta koma ba a jin ta sai a salla. Badaru ya ci gaba da zuwa aiki, don gari ba ya fasa zubar da shara saboda baƙin cikin mutum ɗaya. Amma ya daina maganar takalmi da fitila. Duk buhun da ya gani a ɗaure sai hannunsa ya tsaya a kan sandar sarrafa winshi, har Abdulmajid ya riƙa yi masa magana ta rediyo cewa wuta na jira. In ya dawo gida ya ga an kunna ƙwan lantarki, sai ya kawar da kai.

Safiyatu ce ta kasa haƙuri. Tana zama da surukar tata da rana tana matsa mata ƙafa, tana jan ta da hira don dai ta ji muryarta. Wata rana ta tambaye ta yadda likkafanin yake, tunda ba ta taɓa gani ba. Inna ta ce ba wani abin kallo ba ne, sirara ne aka jera, zaren da kauri a wani wurin da siranta a wani, don Iya a gajiye take kaɗi, kuma duk inda zare ya tsinke mata akwai ɗan ƙulli da za ka ji a yatsa. Safiyatu ta tsaya da matsar. Hannunta ya san wannan ƙullin. Ta sha jin sa a ƙirjinta lokacin da take ɗaure goyo.

Ta jira Badaru ya dawo bayan la'asar, ta ce ya biyo ta. Ta buɗe durowa ta ɗauko tsohon majanyin nan da ya so ya yar, ta shiga ɗakin Inna, ta sa mata shi a tafin hannu.

Yatsun tsohuwar suka bi gefen, suka bi ɗinkin, suka tsaya a kan ƙulli. Ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta kai shi hancinta. Ta ce ita ta ɗauka ya daɗe da mutuwa a wanki, ashe 'yar nan ta adana shi. Sannan ta juya wajen da ta ji numfashin ɗanta, ta ba su labarin da ko mijinta bai sani ba.

Ta ce a garinsu ɗan fari kaka ce ke goyonsa, uwa tana kawar da kai saboda kunya. Ita kuwa da ta haihu a Madina ba uwa, ba gwaggo, ba kowa. Ta rasa wanda zai ɗauke shi, ta ji tausayinsa, ta ji tausayin Iya da ba ta ga jikanta ba. Sai ta rufe ƙofa ta buɗe adaka, ta farke sawaye uku daga gefen likkafanin ta yi majanyi. Ta ɓoye wa kowa, don da mata sun ji ta goya jariri da likkafani da sun ce ta yi masa mugun fata.

"Na ce tunda ba ta nan, bari hannunta ya goya ka," in ji ta.

Badaru ya sunkuyar da kai. Wannan matar ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa a gaban mutane ba, har ya girma yana zaton haka zuciyarta take. Hawaye ya zubo masa a gemu, bai share ba.

Inna ta ce a kawo mata reza. Safiyatu ta ce bari ta yi mata, ta ƙi. Da lalube ta bi ɗinkin da ta yi da hannunta lokacin da ta haife shi, ta warware shi, majanyin ya rabu gida uku. Ta ce wancan na kantin da ya ɓoye a zaure ya shigo da shi, ai ta ji ƙamshin kafur tun ranar, shi ma sutura ce. Amma gawa ba ta tafiya sai an ɗaure ta, a kai da tsakiya da ƙafa, kuma ga maɗaurinta. Ta miƙa wa Safiyatu, ta ce ita za ta ɗaura, kada ta bari masu wanka su sa nasu. Sannan ta nemo hannun ɗanta ta riƙe.

"Da shi na ɗaure ka a bayana. Kai za ka shiga ramin, kai za ka kwance mini."

Ya ce in sha Allahu. Ta ce to a ɗumamo mata kunun nan, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa mata adaka, tasoshin ciki na aurenta ne.

Ta ƙara ganin azumi ɗaya. Har ta soma tara sababbin gwangwanaye a ƙarƙashin gado, Badaru yana gani bai taɓa su ba, wata rana ma shi ya wanke mata ɗaya ya kawo. Ta rasu da safe, cikin sanyi, bayan ta idar da salla. Safiyatu ta shiga wurin wanka da sawayen a jakarta, ta tsaya kai da fata sai da aka bar ta ta ɗaura da hannunta.

Aka yi mata salla a masallacin Annabi bayan la'asar, maza suka ɗauke ta zuwa Baƙi'a. Badaru ya cire takalmi ya sauka ramin, aka miƙo masa ita, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya kwantar da ita a kan damanta, ya fuskantar da ita alƙibla. Farin kanti yana ɗaukar ido, a kansa ga sirara uku masu ruwan ƙasa. Ya kai hannu ga na wajen kai, sai ya ga Safiyatu ba ta yi ƙullin masu wanka ba, ɗaurin goyo ta yi, irin wanda ake ja sau ɗaya ya saki. Ya ja, ya kwance na tsakiya, ya kwance na ƙafa. Bai fitar da su ba, ya bar kowanne a inda yake, ya danna bakin zaren a ƙasa da tafin hannunsa.

"Inna, kun iso," ya ce a hankali. Daga sama aka miƙo masa tubalin farko na rufe kabari.